Cheddi Jagan, Likitan Haƙorin da Ya Jira Mulki Shekara 28

 

Mutumin da zan yi magana a kansa yau likitan haƙori ne, sunansa Cheddi Jagan, ɗan ƙasar Guyana. Sau uku a jere ya ci zaɓe a ƙarƙashin mulkin Ingila, a 1953 da 1957 da 1961. A 1964 ma jam'iyyarsa ce ta fi kowace yawan ƙuri'a, amma wani aka miƙa wa ƙasar. Daga nan ya zauna a kujerar adawa shekara 28, sai da ya kai shekara 74 a duniya sannan ya zama shugaban ƙasa. Galibin masu ba da labarinsa sukan tsaya a kan zaluncin da Landan da Washinton suka yi masa, kuma lalle sun yi, takardunsu ma sun fito fili. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai daban ne. Mutum ne da ya ƙare rayuwarsa yana wa'azin cewa rigimar ƙasarsa tsakanin mai gona ce da lebura, amma duk sanda aka buɗe akwatin zaɓe sai a tarar Indiyawa ne suka zaɓe shi, baƙaƙen fata kuma suka bi abokin hamayyarsa. Yadda aka yi hakan ta faru shi ne zancenmu na yau.

A taswira, Guyana tana gaɓar arewacin nahiyar Amurka ta Kudu, tsakanin Venezuela da Brazil da Suriname. Amma ta fuskar harshe da tarihi 'yar Karebiya ce, sakatariyar ƙungiyar ƙasashen yankin, wato CARICOM, ma a babban birninta Georgetown take. Yawancin jama'a suna zaune a wani siririn tsiri na bakin teku, wanda idan ruwa ya cika ƙasar takan koma ƙasa da teku. Turawan Holan ne suka sa bayi daga Afirka suka yi ganuwa suka tare ruwan, suka haƙa magudanai, aka dasa rake. Da Ingila ta karɓi wurin sai ta haɗe yankuna uku a 1831 ta kira su British Guiana.

A 1838 bauta ta ƙare ɗungurungum. 'Yantattun bayi suka fara barin gonaki, wasu suka haɗa ɗan abin hannunsu suka sayi tsofaffin gonaki suka kafa ƙauyukansu, irin su Victoria da Buxton. Waɗanda suka rage kuma suka nemi a ƙara musu lada. Masu gonaki suka nemo mafita daga Indiya: a wannan shekarar jirage biyu na farko suka iso da leburorin kwangila, kuma kafin a daina a 1917 an kawo mutum wajen 239,000, yawancinsu mabiya addinin Hindu, da Musulmi a cikinsu. A nan aka shuka abin da Jagan ya girba. Baƙin mutum yana ganin Ba'indiye a matsayin wanda aka kawo don a karya masa farashin guminsa. Ba'indiye kuma, yana cikin gona, idan ya ɗaga kai ɗan sandan da ke tsaye a kansa baƙi ne, malamin makarantar mishan baƙi ne, akawun ofis baƙi ne. Bature yana sama yana kallonsu duka. Kamfanin Booker kuwa ya mamaye rake da kantuna da jiragen ruwa, har mutane kan yi ba'a su ce ƙasar ta Booker ce.

A irin wannan gona, Port Mourant, aka haifi Cheddi ranar 22 ga Maris 1918, shi ne babba cikin 'ya'ya goma sha ɗaya. Uwarsa da ubansa duka a goye aka kawo su daga Indiya, suka tashi suna aikin rake tun suna yara. Uban ya yi ta fama har ya zama helma, mai kula da ayarin leburori, matsayi mafi girma da Ba'indiye kan samu a gona a lokacin. Da wannan ɗan rufin asiri ya tura ɗansa Queen's College a Georgetown, sannan Amurka. Cheddi ya yi shekara biyu a Jami'ar Howard, jami'ar baƙaƙen fata a Washinton, inda ya ga wariyar launin fata da idonsa, yana karatu yana aiki don ya ci abinci. Ya wuce Jami'ar Northwestern a Chicago ya gama karatun haƙori a 1942. A can ya haɗu da Janet Rosenberg, ɗalibar aikin jinya, Bayahudiya mai ra'ayin gurguzu. Suka yi aure a 1943 ba da son iyayen kowa ba, a ƙarshen shekarar suka tare a Georgetown, ya buɗe wurin aikinsa, ita tana taimaka masa.

Aikin haƙori ya ba shi abin da 'yan ƙasa kaɗan suke da shi a mulkin mallaka: abincinsa ba ya hannun gwamna, ba ya hannun Booker. Malamin makaranta ko akawu idan ya buɗe baki an kore shi. Likita mai zaman kansa ba mai korarsa. Leburorin rake suka riƙa zuwa wurinsa saboda ɗan gida ne kuma kuɗinsa da sauƙi, suna zaune a kujera yana jin kukansu. A 1946 shi da Janet da Ashton Chase da Jocelyn Hubbard suka kafa wani ƙaramin kwamitin wayar da kai kan siyasa, a 1947 ya ci kujerar majalisa a matsayin ɗan takara mai zaman kansa.

Abin da ya juya rayuwarsa ya faru a gonar Enmore. Gonakin rake na Guyana a tsage suke da magudanai, kuma a cikin kwalekwalen ƙarfe ake jan rake zuwa injin matsa. A da, mai sara yakan sare ya zubar, wasu su zo su loda. Sai masu gona suka sauya tsari: wanda ya sare shi zai ɗaure dami, ya ɗora a ka, ya taka cikin taɓo har bakin ruwa ya loda. Aikin mutum biyu ya koma kan mutum ɗaya, idan aka yi ruwan sama kuma abin ba a magana. Leburori suka shiga yajin aiki, suna kuma neman a amince da ƙungiyar ƙwadagon da suka zaɓa da kansu. Ranar 16 ga Yuni 1948 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum biyar suka mutu, wasu ta baya harsashi ya same su. Dubban mutane suka ɗauki gawawwakin a ƙafa har Georgetown, Jagan yana gaba. Ya rubuta daga baya cewa a bakin kabarin nan ya yi wa kansa alkawarin ba da dukan rayuwarsa ga wannan gwagwarmaya.

A Janairun 1950 aka kafa jam'iyyar PPP. Jagan ne jagora, Janet sakatariya, shugaban jam'iyya kuma wani matashin lauya baƙar fata da ya dawo daga Landan, Forbes Burnham, mai kaifin baki da kaifin ƙwaƙwalwa. Wannan haɗuwa ita ce abu mafi daraja da siyasar Guyana ta taɓa samu: mai saran rake da ma'aikacin tashar jirgin ruwa a inuwa ɗaya. A zaɓen Afrilun 1953, na farko da kowane baligi ya jefa ƙuri'a, PPP ta kwashe kujeru 18 cikin 24.

Kwana 133 gwamnatin ta yi. Ta ɗage haramcin shigo da littattafan da Turawa ke kira masu tunzura jama'a, ta kawo dokar da za ta tilasta wa masu gonaki su amince da duk ƙungiyar ƙwadagon da leburori suka zaɓa. Ranar 9 ga Oktoba gwamnatin Churchill ta jingine tsarin mulki, bayan ta riga ta sauke sojoji daga jiragen ruwan yaƙi, wai don hana makircin gurguzu. Sojojin sun iso sun tarar gari lafiya lau. Sakataren mulkin mallaka da ya yi wannan aiki shi ne Oliver Lyttelton, kuma ɗaliban tarihin Nijeriya sun san sunan: a wannan shekarar ya zauna da Sardauna da Awolowo da Azikiwe a taron Landan, wanda ya haifar da tsarin mulkin 1954 da ake kira da sunansa. Hannun da ke miƙa wa wasu mulkin kai a hankali, shi ke ƙwace na wasu a rana ɗaya. An hana Jagan fita daga Georgetown, ya karya dokar da gangan, aka ɗaure shi wata shida a 1954. Janet ma ta sha ɗauri.

Babbar ɓarnar ba ɗaurin ba ne. Kwamitin binciken da Ingila ta turo ya raba shugabannin PPP gida biyu, ya ce waɗannan 'yan gurguzu ne, waɗancan kuma masu sassauci ne da za a iya aiki da su, ya sa Burnham a rukuni na biyu. Burnham dama yana da burin jagoranci tun kafin nan. A 1955 jam'iyya ta tsage, bayan zaɓen 1957 ya kafa tasa, PNC. Da farko akwai Indiyawa a bayan Burnham, akwai baƙaƙe a bayan Jagan, amma kowane zaɓe sai layin ya ƙara miƙewa bisa launin fata.

A nan dole a faɗi rabon Jagan na laifi. Ya hana ƙasarsa shiga Tarayyar West Indies da aka kafa a 1958. Yana da hujjojinsa, amma baƙaƙen Guyana abin da suka karanta shi ne Indiyawa ba sa son su narke cikin tarayyar da baƙaƙe suka fi yawa, wasu manyan abokansa baƙaƙe ma a kan haka suka bar shi. Ayyukan da gwamnatinsa ta fi yi, noman shinkafa da manyan ayyukan ban ruwa irin na Black Bush Polder, ayyuka ne na alheri, sai dai manomin shinkafa a Guyana Ba'indiye ne. A ƙauyuka ana kiran mutane su zaɓi nasu, jam'iyya ta ce ba da yawunta ba, amma ƙuri'un da kiran ya kawo ba ta mayar ba. Shi Jagan ya gaskata har zuciyarsa cewa ƙabilanci hayaƙi ne da masu jari ke turnuƙewa, idan aka gyara tattalin arziki zai washe. Wannan imani ya hana shi ganin cewa tsoron da baƙar fata ke ji na zama 'yan tsiraru har abada tsoro ne na gaske, mai neman amsa ta siyasa.

Duk da haka a waɗannan shekaru ya yi abin da ya rage har yau. A 1963 ya buɗe Jami'ar Guyana ba tare da gini ko ɗaya ba, ana karatu da yamma a azuzuwan Queen's College bayan yara sun tashi. 'Yan adawa suka riƙa yi mata dariya suna kiranta makarantar dare ta Jagan.

A zaɓen 1961 PPP ta sami kujeru 20 cikin 35 da ƙuri'a kusan kashi 43 cikin ɗari, PNC ta sami 11 da kashi 41. Ku riƙe waɗannan alƙaluma, su ne makamin da aka yanka shi da shi. A Oktoba ya tafi Washinton neman taimako, ya gana da Shugaba Kennedy. Watanni kaɗan ke nan da Amurka ta sha kunya a yunƙurinta na kifar da Castro a Kyuba. Aka sa Jagan a wani shirin talabijin aka yi ta tambayarsa game da Tarayyar Sobiyet, ya ƙi ya kushe ta. Ɗan siyasa mai wayo da ya faɗi abin da masu gida ke son ji ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Jagan bai iya wannan ba, idan aka yi masa tambaya sai ya ɗauko bayani kamar yana aji. Kennedy ya yanke shawara cewa ba za a bar mutumin nan ya karɓi 'yancin kai ba.

Abin da ya biyo baya sananne ne. A Fabrairun 1962 aka yi bore kan kasafin kuɗi, aka ƙone tsakiyar kasuwancin Georgetown. A 1963 aka yi yajin aikin gama-gari na kwana 80, kuma kuɗin da ya ciyar da masu yajin daga hukumar leƙen asiri ta CIA ya fito, ta hannun ƙungiyoyin ƙwadagon Amurka. A Oktoban shekarar aka yi taro a Landan kan batun 'yancin kai. Burnham da Peter D'Aguiar, attajirin da ke jagorantar jam'iyya ta uku, suka nace a sauya tsarin zaɓe. Maimakon kowace mazaɓa wanda ya fi ƙuri'a ya ɗauki kujera, kamar yadda ake yi a Nijeriya, sai a raba kujeru gwargwadon ƙuri'ar kowace jam'iyya, tsarin da mutanen Nijar suka sani a zaɓen majalisarsu. Tsarin a kansa ba aibu gare shi ba, kuma koken 'yan adawa kan alƙaluman 1961 yana da tushe. Amma kowa ya san lissafin: Jagan ba zai kai rabi ba, sauran biyun idan suka haɗu za su wuce shi. Da aka kasa daidaitawa, shugabannin uku suka sa hannu a takarda suka bar wa sakataren mulkin mallaka, Duncan Sandys, ya yanke hukunci. Jagan ya zaci Bature zai raba gardama ya ba kowa wani abu. An ba kura ajiyar nama. Sandys ya ba 'yan adawa duk abin da suka nema, bai ba Jagan ko ɗaya ba, kuma ya ce sai an sake zaɓe kafin 'yanci. Ni a ganina wannan sa hannu shi ne kuskure mafi tsada a rayuwarsa, kuma daga mutumin da ya rubuta littafi guda kan abin da Ingila ta yi masa a 1953.

Shekarar 1964 ta jini ce. Mutum wajen 176 suka mutu. A Wismar aka kori Indiyawa aka ƙone gidajensu, a kogin Demerara bom ya tashi da jirgin fasinja mai suna Sun Chapman ya kashe baƙaƙe fiye da arba'in. Ƙauyukan da ake zaune a cakuɗe suka rabu, kowa ya kwashe kayansa ya koma cikin danginsa, kuma yawancinsu ba su sake cakuɗuwa ba. A zaɓen Disamba PPP ta sami kujeru 24, PNC 22, jam'iyyar D'Aguiar 7. Biyun ƙarshe suka haɗe, gwamna ya kira Burnham ya kafa gwamnati. Ranar 26 ga Mayu 1966 aka sauke tutar Ingila, Jagan ya je wurin bikin, ya rungumi Burnham a gaban jama'a.

Shekarun adawa ba sai na bi su ɗaya ɗaya ba, domin labari ɗaya ne ake maimaitawa. A 1968 aka ƙirƙiro ƙuri'ar mazauna ƙetare, 'yan jaridar talabijin na Ingila suka bi adireshin masu zaɓen suka tarar da yawa gidajen babu su. A 1973 sojoji suka kwashe akwatuna, aka harbe magoya bayan PPP biyu da suka yi ƙoƙarin tarewa. Haka 1980, haka 1985. Abin ban dariya, Burnham ɗin da Amurka ta ɗora don gudun gurguzu shi ya ƙwace kamfanonin ma'adinai, ya ƙwace Booker a 1976, ya ƙulla zumunci da Kyuba. Jagan, saboda aƙida, ya ce zai mara masa baya a kan wannan yana sukar sauran, abin da ya ɓata wa magoya bayansa da yawa rai: mutumin da ya sace maka zaɓe kuma kana tafa masa. Wanda ya fi kusa da haɗa ƙabilun biyu a lokacin shi ne masanin tarihi Walter Rodney, wanda ɗaliban jami'o'inmu suka sani ta littafinsa kan yadda Turai ta durƙusar da Afirka. Bom ya kashe shi a Yunin 1980, kuma kwamitin bincike da ya ba da rahoto a 2016 ya ɗora alhakin a kan gwamnatin Burnham. Tattalin arziki ya rushe, aka hana shigo da fulawa, jama'a suka yi ta ƙaura zuwa New York da Toronto.

Abin da Jagan ya yi a tsawon wannan lokaci shi ya sa nake kiransa dattijon ƙasa. Yana da goyon bayan ƙabila mafi yawa, yana da leburorin rake da za su iya tsayar da ƙasa cak, an zalunce shi a fili. Sojoji da 'yan sanda kuwa kusan duka na ɗaya ɓangaren ne, ya kuma ga 1964 da idonsa. Bai kira mutanensa su ɗauki makami ba. Ya yi ta yawo ƙauye ƙauye yana lacca da alƙaluma, yana rubutu, yana kai ƙara duniya, a 1977 ma ya nemi a kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa Burnham ya ƙi. Wasu sun kira hakan rauni. Kuma ko maƙiyansa ba su taɓa cewa ya ci kuɗin jama'a ba.

Burnham ya mutu a 1985, Desmond Hoyte ya gaje shi ya fara buɗe kasuwa. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, Amurka ta daina tsoron tsohon likitan. A 1990 Arthur Schlesinger, mashawarcin Kennedy da ke cikin waɗanda suka shirya abin, ya amsa a gaban Jagan cewa an yi masa babban zalunci. Tsohon shugaban Amurka Jimmy Carter ya matsa wa Hoyte ya yarda da abu biyu: sabuwar rajistar masu zaɓe, da ƙirga ƙuri'a a rumfar da aka jefa ta. Da aka yi haka ranar 5 ga Oktoba 1992, Jagan ya ci da kusan kashi 53. Aka rantsar da shi ranar 9 ga Oktoba, shekara 39 cif da ranar da Churchill ya kore shi.

Ya tarar da bashin waje na dala biliyan biyu da ɗoriya a kan ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan ɗaya ba. Tsohon ɗan gurguzu ya ci gaba da shirin Asusun Lamuni na Duniya da ya gada, ya bar 'yan kasuwa suka yi harkarsu, ya sa ƙarfinsa wajen neman a yafe bashi da gyaran makarantu, asibitoci da ganuwar teku. Ya ɗauki Sam Hinds, injiniya baƙar fata daga wajen jam'iyya, ya zama firaministansa. Bai bi kowa da ramuwa ba. Sau ɗaya dai ya taka birki: da gwamnatin Clinton ta so turo William Doherty jakada, mutumin da ya yi aiki a ƙungiyoyin ƙwadagon da aka yi amfani da su a kansa a shekarun 1960, Jagan ya nuna bai yarda ba, aka janye sunan.

Bai cika wa'adinsa ba. Zuciya ta buga masa a Fabrairun 1997, aka kai shi asibitin sojoji na Walter Reed a Washinton, ya rasu ranar 6 ga Maris. An ƙone gawarsa bisa al'adar iyayensa a Port Mourant, kuma baƙaƙe da Indiyawa duka sun cika hanya suna rakiya. Wata tara bayan nan aka yi zaɓe. Janet ta tsaya ta ci, ƙuri'u suka rabu bisa layin da aka saba, PNC ta ce ba ta yarda ba, Georgetown ta sake rikicewa, sai da CARICOM ta shiga tsakani a Janairun 1998 aka rage wa'adin gwamnatin daga shekara biyar zuwa uku.